Kwamfutar Ubale Mai Shan Man Shanu

Ga ta nan, ga ta nanku, wannan kuwa daga ƙetaren teku ta taso.

Ta zo mu ji ta, mu ga tsarabar da ta riƙo mana.

A birnin Kuala Lumpur, inda ruwan sama ba ya jiran damina kafin ya zubo, an yi wani Bakano mai suna Ubale. Karatun digiri na uku ne ya kai shi, a fannin tsara birane. Yana zaune da matarsa Mero a hawa na bakwai na wani bene a unguwar Brickfields. Mutum ne mai kirki, ba ya rowa, ba ya riƙo. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa ya fi hannunsa sauri nesa ba kusa ba.

Hausawan birnin suna da zaurensu a WhatsApp. Malam Abdulwahidu ne ya buɗe shi, dattijon malamin jami'a da ya fi kowa daɗewa a ƙasar, domin sanar da haihuwa da rasuwa da inda za a samu garin kuka. Zaure yana zaune lafiya, sai ranar nan wani ɗalibi ya tambayi irin kwamfutar da ya kamata ya saya ya ajiye a gida. Tun daga ranar zaure ya rabu gida biyu.

Gida na farko su ne 'Yan Sulɓi. Tasu kwamfutar siririya ce mai ruwan azurfa, a rufe ake sayenta, ba a kwance ta, ba a ƙara mata komai. Gida na biyu su ne 'Yan Haɗi, masu sayen kayan ciki ɗaya bayan ɗaya su haɗa da hannunsu a cikin ƙaton akwati mai fankoki da fitilu. Jagoran 'Yan Sulɓi wani Bazazzagi ne, Lawal. Ubale kuwa shi ya naɗa kansa Sarkin Yaƙin 'Yan Haɗi. To, Bakano da Bazazzagi, wutar wasa ba sai an hura ta ba.

Da sassafe Ubale zai rubuta: "Bawana, ka tashi lafiya? Ya farantin naka? Har yanzu a kansa uwargida take yanka albasa?"

Lawal ya mayar: "Lafiya lau, bawana. Ya janaretan naku? Jiya ina can titin Jalan Semarak na jiyo rugugi, na ɗauka jirgi ne zai sauka."

Kafin azahar sai ka tarar da saƙo ɗari huɗu. Ana haka matar wani ɗan zauren mai suna Ɗayyabu ta haihu. Ya sanar da ranar suna, sanarwar ta nutse a ƙarƙashin gardama, aka dafa abincin mutum hamsin, mutum shida suka zo. Ran Malam ya ɓaci. Ya aiko da saƙon murya, ya ce daga yau duk wanda ya sake ambatar kwamfuta a zauren nan zai cire shi.

Nan fa dabara ta faɗo wa Ubale. Ya rubuta: "Allah gafarta Malam, magana ba a binne ta da rai, yanke ta ake yi. Ranar Asabar akwai taronmu na wata a unguwar Kampung Baru. Lawal ya kawo farantinsa, ni in kawo tawa. A ba kowacce bidiyon bikin sallar bana ta tace shi. Wadda ta riga gamawa ta ci. Wanda aka kayar kuma ya kama bakinsa a zauren nan kwana arba'in, ko gaisuwa kar ya yi."

Malam ya ga hanyar samun lafiya, ya amince. Lawal ya ce: "Na yarda. Turo hoton taka mu gaisa."

Ubale ya ajiye waya a hankali. Akwai wani abu da babu wanda ya sani a birnin nan sai Mero: Sarkin Yaƙin 'Yan Haɗi bai mallaki kwamfutar haɗi ba, bai taɓa buɗe cikin wata ba. Duk yaƙin da wayar hannu yake yinsa.

Mero ta ce: "Maigida, da wace kwamfutar za ka shiga gasar? Ko bakinka za a jona da wuta?"

"Mero, haɗa kwamfuta ai kamar haɗa miya ne."

"Ka taɓa haɗa miya?"

"Na ga ana yi."

"Kai da ko a salla da ƙyar kake yin shiru, za ka iya kwana arba'in?"

"Ki tanadi tausayinki ki kai wa matar Lawal."

Ranar Litinin ya tafi kasuwar na'urori ya lodo kwalaye. Mai kedai, wato mai kantin, ya ce zai haɗa masa a nan take. Ubale ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "No need lah," wato ba ya buƙata, ya kwashi kayansa.

Ya baje su a tsakar falo. Yana ciro ƙarfen da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta domin ya janye mata zafi, sai ya ga ƙasansa an shafe shi da wani abu toka-toka mai danƙo. Wannan abu shi ne ke miƙa zafi daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙarfen, amma wa zai gaya wa Sarkin Yaƙi?

"Mero, zo ki ga ƙazanta! Sabon kaya a kwali, da taɓo a jikinsa. Miƙo mini soso da sabulu."

Ya dirje ƙarfen nan har yana ganin haƙoransa a ciki. Ya ɗaura wannan, ya cusa wancan. Da ya gama sai ga ƙusoshi biyar sun yi saura a kan tabarma.

Mero ta ce: "Waɗannan fa?"

"Gyara ce. Ko mai tumatir yakan yi wa mutum gyara."

Ya yi bismilla ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Ya kwance komai ya sake ɗaurawa, wannan karon ƙusoshi bakwai suka rage. Gumi ya jiƙe masa singileti. Mero ta zo wucewa da tsintsiya, ta sa babban yatsan ƙafa ta danna makunnin soket ɗin bango. Fitilu suka kama, ja da kore da shuɗi, fankoki suka hau juyi.

Ubale ya ce: "Da ma yanzu nake shirin kunna shi."

Ya ɗauki hoto ya tura zaure: "Ga Giwa. Masu faranti a kauce daga hanya." 'Yan Haɗi suka yi ta kabbara.

Minti goma Giwa ta yi ta mutu. Ya taɓa cikinta, ya janye hannu yana yarfewa, zafi kamar tandar waina. Ya bari ta huce ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Ga Asabar na matsowa. Tambaya kuma ba ta yiwuwa, don sarki ba ya tambayar hanyar gidansa. Ya dai daure ya rubuta: "Wani abokina a can garin Penang kwamfutarsa tana ɗan ɗumi. Ina gwada ilimin yara ne, wa ya san dalili?"

Lawal ya turo saƙon murya mai tsawon minti uku, ya rubuta a ƙasa: "Ka saurara da kyau, ka isar wa abokin naka na Penang da ke zaune a Brickfields."

Ubale ya ce ba ya karɓar fatawa daga mai faranti. Bai buɗe saƙon ba.

Ya zauna ya yi tunani irin nasa. Injin niƙan kawunsa a Fagge, in ya ɗau zafi me ake zuba masa? Mai. Keken ɗinki in ya yi tauri? Mai. Yaro ma in jikinsa ya yi zafi, mai ake shafa masa. Ashe duk abin da Allah ya yi ko ɗan Adam ya ƙera, mai yake so.

Mero ta tafi kitso gidan ƙawarta Rumaisa. Ubale ya buɗe firij. A can ƙurya ga wata kwalba a naɗe cikin leda uku: soyayyen man shanu ne da Hajiyar Mero ta aiko daga Ɗambatta a akwatin wani ɗalibi. Mero ba ta taɓa shi sai ranar Juma'a, shi ma da bakin cokali. Ubale ya kamfato cokali ɗaya ya lafta wa ƙwaƙwalwar Giwa. Ya duba ya ga giwa ba ta ƙoshi da cokali ɗaya, ya ƙara biyu. Ya mayar da ƙarfe ya ɗaure.

Abin mamaki, Giwa ta tashi ta zauna daram. Awa ɗaya, awa biyu, ba ta mutu ba. Wayyo, zo ka ga Ubale! Ranar Laraba da Alhamis zaure bai huta ba, ya sa Lawal a gaba.

"Bawana, ka fara koyon maganar kurame, za ta yi maka amfani."

"Ni dai ka isar wa na Penang?"

"Na Penang ya warke. Sirrin gida muka yi masa, irin wanda ba a koyarwa a Zazzau."

Ranar Juma'a Mero ta ɗaga kwalbarta tana dubawa a hasken taga.

"Maigida, man nan kamar ya ragu."

"Zafin ƙasar nan ne, komai shanyewa yake yi."

"A cikin firij?"

Ya mayar da ido kan wayarsa. Ta juya, sai ta ga kiyashi sun yi layi daga bakin taga, sun bi gefen bango, suna shiga Giwa ta baya.

"Su kuma waɗannan me suke nema a ciki?"

"Ilimi," in ji Ubale.

Asabar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ubale ya aika allo da wayoyi da wasu 'Yan Haɗi, amma ya ce Giwa ba mai ɗaukarta sai shi. Ya naɗe ta da zanen atamfar Mero, ya rungume ta a ƙirji, shi da Mero suka shiga jirgin ƙasa a tashar KL Sentral. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ta ga namiji rungume da abu cikin zane yana lallaɓawa, ta matsa ta ba shi wuri, ta tambaye shi watan jaririn nawa. Kafin ya haɗa amsa ta ɗaga gefen zanen, ta yi ido huɗu da fanka. Ta saki zanen, ta koma can nesa tana salati. Kiyashi kuwa da suka ji ana girgiza musu gida, suka fito suka bi wuyan Ubale. Hannu biyu a kan Giwa, ba halin susa. Haka ya yi ta karkaɗa kafaɗu har Kampung Baru, Mero ta juya baya kamar ba ta san shi ba.

Ɗakin taron ya cika. Maza a gefe guda kan tabarmi, mata a ɗaya gefen da tukwanen shinkafa na lantarki a jone, miya na jira. Lawal ya zaro kwamfutarsa daga hammata ya buɗe, shi ke nan ya gama shiri. Giwa kuwa sai da mutum uku suka yi ta ja-in-ja da wayoyi kafin ta tsaya.

Malam Abdulwahidu ya maimaita sharaɗi: kwana arba'in, ko gaisuwa. Ya ce bismilla, aka danna tare.

Wallahi Giwa ta yi gaba. Tana kashi talatin cikin ɗari, farantin Lawal yana sha biyar. Tana hamsin, yana ashirin da biyu. Ubale ya miƙe ya gyara hula, ya shiga zagaya teburi yana kirari.

"Giwa mai tafiya da ƙasaita! Haɗin hannuna, ba haɗin kanti ba! Bawana, in kana da wasiyya ka faɗe ta yanzu, bakinka saura minti biyar!"

Lawal ya yi tsuru-tsuru, ya fara share goshi.

Sai fankokin Giwa suka canza murya, daga shuuu suka koma wuuu. Ba wanda ya kula, domin wani abu ya riga ya kama hancin jama'a. Wani ƙamshi ne ya taso, mai taushi, mai ɗan albasa-albasa, irin wanda mutum ke ji ya tuna ɗakin kakarsa.

Malam ya ɗaga hanci ya ce: "Ikon Allah. Tuwo aka yi mana yau?"

Daga ɓangaren mata Rumaisa ta ce: "Wa ya zo da man shanu ya ɓoye? Mero, ke kaɗai ce mai shi a garin nan, kar ki yi mana haka!"

"Ni ban zo da komai ba."

Wani ɗalibi da ya shekara uku bai je gida ba ya lumshe ido, har da ƙwalla. Aka buɗe tukwane, babu. Aka duba ledoji, babu. Jama'a suka miƙe suna bin ƙamshi da hanci, maza da mata, har suka yi da'ira a kan teburin gasa. Ga wani ruwa rawaya yana ɗiga daga ƙasan Giwa, ɗis, ɗis. Ga kiyashi suna tururuwar fitowa ta kowace kafa, kowa na ta kansa.

Ubale ya ce: "Gumi ne. Duk mai aiki tuƙuru yana gumi."

Mero ta matso, ta dangwala yatsa, ta kai hanci. Ta dubi mijinta.

"Man Hajiyata."

"Mero, bari in yi miki bayani na kimiyya..."

"Man da ya keto teku! Man da nake ɗiba da bakin cokali! Shi ka ba akwati ya sha?"

Ba ta rufe baki ba aka ji tas! Wani siririn hayaƙi ya tashi daga bayan Giwa, wutar ɗakin gaba ɗaya ta ɗauke. Fankokin sama suka tsaya, tukwanen shinkafa suka mutu da shinkafa rabin dahuwa. Abu ɗaya ne ya rage yana haske: farantin Lawal, da ke tafiya da batirinsa. Jama'a suka zuba masa ido yana tafiya a hankali kamar hawainiya, tamanin, casa'in, har ya kai ɗari ya yi ɗan ƙara, ƙil.

Ɗayyabu, wanda shi injiniya ne na gaske kuma ɗan Haɗi, ya buɗe cikin Giwa ya leƙa.

"Yaya Ubale, ina abin nan toka-toka da ke ƙasan ƙarfen?"

"Dattin? Na wanke shi tas."

Lawal ya ce: "Shi na yi minti uku ina yi maka bayani a kai!"

Ɗayyabu ya juya wajen Malam: "Allah gafarta Malam, a shaida, mu 'Yan Haɗi ba mu san wannan mutumin ba."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Ubale ya buɗe baki zai ce ai Giwa ce a gaba kafin a yi mata baki, Malam ya ɗaga hannu.

"Arba'in ta fara, Ubale."

Rumaisa ta ce wa Ubale: "Sannu mai jego. Gobe zan aiko da kunun kanwa."

Ranar aka ci shinkafa mai tsakuwa-tsakuwa, ana shaƙar ƙamshin man shanu ana haɗiye yawu.

To, ranar farko 'Yan Sulɓi suka yi shagali a zaure. Rana ta biyu suka maimaita. Rana ta uku Lawal ya jefa tsokana, Ɗayyabu ya amsa masa da ladabi da lambobi da hujjoji, har ya ƙare da "Allahu a'alamu." Lawal ya karanta ya yi hamma. Zuwa rana ta biyar ba abin da ke shigowa sai hoton fure mai ɗauke da barka da safiya. Mutane suka daina leƙawa.

A rana ta takwas aka gano Bahauddeen, wani ɗalibi da ke zaune shi kaɗai, ya kwana biyu a kwance da zazzaɓi ba wanda ya sani. A da, in azahar ta yi bai jefa wa 'Yan Sulɓi baƙar magana ba, sai mutum uku sun kira shi sun ji ko lafiya. Malam ya kai shi asibiti, ya dawo ya kira Lawal ya ce ya shirya, gobe za su Brickfields.

Mero ce ta buɗe musu ƙofa. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce: "Malam, don girman Allah ku karɓi abinku. Tun da kuka rufe masa baki a can, a kaina yake saukewa. Jiya awa biyu yana yi mini gardama a kan wace tukunya ta fi wata."

Ubale yana zaune a kujera, ya rame, waya a hannu, yana rubutu yana gogewa. Malam ya zauna ya yi gyaran murya, ya ce an duba an ga kwana tara ma horo ne, an yafe sauran.

Zuciyar Ubale ta yi tsalle, amma ya ɗaure fuska.

"Allah gafarta Malam, alkawari kaya ne. Saura kwana talatin da ɗaya."

Lawal ya ce: "Haba bawana. Zaure ya zama maƙabarta. Ɗayyabu in na zage shi sai ya ce ya gode."

"Ni mai jego ne, ba na fita."

"To me kake so?"

"Ka ce don Allah."

Lawal ya dubi Malam, Malam ya dubi silin. Lawal ya daure ya ce: "Don Allah."

Ubale ya gyara zama, yatsunsa suka hau rawa a kan waya. Wayar Lawal ta yi ƙara, ya duba, ga abin da ya shigo zaure:

"Jama'a, assalamu alaikum. Yanzun nan jagoran 'Yan Sulɓi ya hau bene hawa bakwai da ƙafa, ya durƙusa a gabana yana kuka, ya amsa cewa Giwa ce ta ci gasa. Na yafe masa."

Lawal ya zabura. Suna zaune a kujera ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma bai ce masa uffan ba, sai ya duƙufa a kan tasa wayar: "Ƙarya ne! Lif na hau! Kuma ku tambaye shi ina man Hajiya!"

Ɗayyabu ya shigo. Rumaisa ta shigo. Bahauddeen ya turo nasa daga gadon jinya. Wayar Malam ta kama kaɗawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa, kamar an saka masa ɗan tsako a riga. Ya sa hannu ya dafe ta, ya yi murmushi, ya ce wa Mero in akwai shayi a ba shi, don ya ga alama zaman zai yi tsawo.

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba da na ce ƙarya na shirga muku, amma mai shakka ya shiga zauren ya tambaya, in ya samu wurin jefa magana.